Tulin Gyaɗa na Uku

Daren Lahadi, Lugbe

Yau ɗana Sadiku ya turo min bidiyon wasansa na farko daga Amurka. Shi ne sabon mai jefa ƙwallo a ƙungiyar makarantarsu, irin wasan nan nasu na Amurka da ake jefa wa abokan wasa ƙwallo da hannu su cafe. Uwarsa da ke can tare da shi ta ce ya ƙi cin abinci, wai alƙaluman wasan sun nuna ba shi da saiti.

Na zuba gyaɗa a tire, na kunna bidiyon. Jifan da aka cafe, ƙwaya ɗaya a dama. Wanda ya kauce, ɗaya a hagu. Sai na ga dole a yi tuli na uku, na ƙwallon da ta isa hannun mutum amma ya sake ta. Wannan ai ba laifin Sadiku ba ne, kuma a kansa aka rubuta. Tulin nan har ya fi na hagu girma.

Na kira shi, na fara faɗa masa abin da na gano.

"Baba, koci ya riga ya nuna min. Muna fita, zan kira ka."

Gidan shiru, ba wanda zan nuna wa. Na cinye na dama da na hagu. Na ukun na kife shi da kwano, ko zai kira.