Ɓargon Wancan na Yashe

Kankiya, Jihar Kaduna,
14 ga Maris, 1979.

Zuwa ga ɗana Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka da sauƙi, mu nan duk lafiya lau, sai zafin bazara. Ƙannenka Jamilatu da Kubura suna gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso ran Litinin. Na karanta ta sau ukku, kuma raina ya ɓaci. Wata biyu kana kwance a asibiti a Ingila, kana rubuto mani wai mura ce! Ni na koya maka rubutu, ban kuwa koya maka don ka riƙa yi mani ƙarya da shi ba. Ɓoye gaskiya ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ka riƙe wannan.

Na fahimci bayaninka. Ka ce ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne gonar da jini ke tsirowa, naka kuma ya daina ba da amfani, shi ya sa kake haki ko taku goma ka yi. Ikon Allah! Gwamnati ta tura ka ƙasar Turawa ka koyi auna numfashin mutane, ga shi naka ake aunawa. Ka ce likitocin suna cikin binciken wata sabuwar hanya: a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun ɗan'uwa, a ɗura maka ta jijiya kamar ƙarin jini, irin ya nemi ƙashinka ya tsiro. Kuma sai na wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ba kowanne ke dacewa ba.

Ban tsaya jiran shawarar kowa ba. Jiya na ɗauki hutu daga makaranta na kai 'yan matan biyu Kano, aka ɗebi jininsu aka sa cikin ƙanƙara, jirgi zai kawo. Kubura ta fasa ihu tun allura ba ta taɓa ta ba, budurwa mai shekara sha tara, a gaban mutane. Takardar da likitanka ya aiko ma na cika. Inda aka tambayi yawan 'ya'yan da na haifa na rubuta ukku.

Wancan na Yashe ya kawo man shanu daga wajen Goggonka Ma'u. Da ya ji labari ya ce a gaya maka dama ya faɗa, duk wanda ya bar fura da nono ya koma shayi, jininsa sai ya tsinke. Taubashinka ne, kai ka san amsar da za ka ba shi.

Kada ka bar salla, ko a kwance ne. Allah ya ba ka lafiya.

Mahaifiyarka,
Fadimatu.

Kankiya,
10 ga Afrilu, 1979.

Ɗana Dawuda,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin da sauƙi. Muna lafiya, an fara sharar gona.

Na ji na Jamilatu bai dace ba, na Kubura ma haka. Ka rubuto cewa shi ke nan, 'yan'uwa sun ƙare, sai a ci gaba da ƙara maka jini har iyakar abin da Allah ya nufa. Zauna da kyau ka karanta, domin sau ɗaya zan faɗi wannan magana.

Ba su ƙare ba. Wancan na Yashe, wanda kuke kira Nagoggo, ba Goggonka ta haife shi ba. Ni na haife shi, shekara ukku kafin kai, kuma marigayi babanku shi ne ubansa. Ka san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa duniya nata ne. Goggonka, yayar babanku, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da aka yaye shi ta goya shi, suka bi shanun mijinta wajen Maraɗi shekara takwas, ni kuwa na koma makaranta na ƙarasa karatuna. Da suka dawo kowa Nagoggo yake ce mashi. Ta roƙi manya kada a tada maganar, ba a kuwa tada ba.

Da na zo cika takardar nan, hannuna da kansa ya rubuta ukku. Na yi wa ɗalibai bulala a kan ƙaryar da ba ta kai rabin wannan ba, kuma a ranar na zauna ina yi maka wa'azin gaskiya. Makonni huɗu na jinyarka sun tafi a banza saboda kunyata. Ka yafe mani.

Ran Lahadi na shiga motar Kusada, na ƙarasa rugarsu da ƙafa. Na zauna gaban Goggonka na gaishe ta, na tambayi shanu, na tambayi ruwan rijiya, na sake tambayar shanu. Sai ta aje ludayi ta ce Malama ba ta taɓa cin ƙurar Yashe don lafiyar maruƙa ba, in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa, ina kallon ƙasa. Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da damu har na fidda rai. Can ta ce ɗa dai nata ne har gobe, ɓargon kawai za ta ara mani, kuma a dawo mata da sauran yaron da ƙafafunsa biyu.

Shi kuwa dariya ya yi har sandarsa ta faɗi. Wai tun yana ɗan shekara goma ya sani, domin duk duniya mace ɗaya ce ke yi mashi faɗa tana kallon bango. Ka ji rashin kunya! An ɗebi jininsa jiya a Kano. Ko motsi bai yi ba, sai ma tambayar ma'aikaciyar da ya yi ko ɗan wannan kwalbar zai ishi Bature ɗan boko.

Mu ci gaba da addu'a.

Mahaifiyarka,
Fadimatu.

Kankiya,
18 ga Yuni, 1979.

Ɗana Dawuda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida wanda ke tare da kai. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa.

Alhamdu lillahi da nashi ya dace, alhamdu lillahi da ya sauka Ingila lafiya. Na tara Jamilatu da Kubura na karanta masu labarin awon numfashinsa. Ka ce kafin a sa mashi maganin barci sai an gwada ƙarfin huhunsa, aka toshe mashi hanci aka ba shi bututu ya hura, allurar na'urar ta haura har ta fita daga takarda. Ka ce malaminka ya zaci na'urar ce ta lalace, ya sa aka sake sau ukku, ya kira abokan aikinsa su gani, har suna so su sa shi cikin bincikensu. Mamakin me suke yi? Mutumin da ke tsayawa a bakin Yashe ya kira saniya tana can garin Ƙofa ta ɗago kai! Amma kada su kumbura mashi kai. Huhu kyautar Allah ce, ba shi ya ƙera ba.

Yanzu kai. Na gane bayan dashen za a killace ka a ɗakin gilashi mai tataccen iska, domin a makonnin nan huhu ne abin tsoro, ƙaramin tari zai iya zama babba. To, a nan ba kai ne likita ba. In an ce hura, ka hura. In an ce sha, ka sha, ban da gardamar nan taka ta masu ilimi.

Sannan maganar wasa. Yayanka ne yanzu, Yaya za ka riƙa ce mashi. Na ji ya ce bai yarda ba, shekara sha bakwai yana tsokanarka ba zai bari don allura ɗaya ba, wai da zarar ɓargonsa ya kama za ka farka kana neman sanda da malafa. Ku kuka sani. Ni dai na faɗi abin da ya dace.

Ran Alhamis ɗin da za a yi aikin zan yi azumi. Goggonka ma haka.

Mahaifiyarka,
Fadimatu.

Kankiya,
3 ga Satumba, 1979.

Zuwa ga Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ƙugun ya daina ciwo. Da ajami na rubuta wannan don ka karanta da kanka, kada ka ba kowa. Sunan da ke sama kuwa, takarda biyu na yaga kafin ya zauna.

Ƙanenka ya rubuto da hannunsa. Ya ce irin ya tsiro, jininsa na ƙaruwa ba tare da an ƙara mashi ba, tarin da ya tsorata su ya wuce, kuma awon numfashinsa na hawa kowane mako. Ranar da ya rubuto wai ya hau bene hawa biyu bai tsaya ba. Na gode wa Allah. Kai ma na gode.

Amma na ji abin da ban so ba. An ce kana yawo cikin ruwan sama ba rigar sanyi, kana tare Turawa a hanya kana tambayarsu ina suke kiwo. An ce ka sa ma'aikatan asibiti suna kiran ƙanenka ɗan maraƙi. Wannan ba hali ba ne. Ka natsu, kai ne babba.

Ka shirya ka dawo kafin girbi. Na yi wa Goggonka alkawari, kuma kullum sai ta aiko a tuna mani. Ita ce uwarka, ita ta goya ka, ranar da ka sauka wajenta za ka fara zuwa.

Likitan ya aiko wata takardar don bincikensu, da tambaya irin ta farko. Na rubuta huɗu.

A gaban mutane ba zan iya kiran wannan suna ba, kada ma ka sa rai. Amma in ka kawo man shanu Kankiya ka zo da shiri, domin akwai faɗan shekara ashirin da bakwai da ke jiranka, kuma wannan karon ba bango zan kalla ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Fadimatu.