Abin da Ke Bayan Amin

Auta, don Allah duk abin da ke hannunki ki ajiye, ki sa a karanta miki wannan yanzu, kada ki ce sai an jima. Gaisuwa ma na kusa mantawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke rubuta min, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara.

Kin san 'yar na'urar nan ta marigayi maigidana, wadda da kaɗan ta fi akwatin ashana, da yake jin waƙa da ita yana gyaran agogo. Kin san a ciki ya yi wa jikarmu addu'ar aure kafin ya rasu, ya ce a sa ranar bikinta. Shekara biyu ke nan kullum da safe nake danna wurin da aka ɗiga min jan farce, in saurare shi. In ya ce amin sai a ji kwaram, ya jefa ta aljihu, daga nan sai shuu kamar ruwa a kan kwano. Nan nake kashewa.

Jiya ɗanki Injiniya, uban amarya, ya sa direba ya kai ni ɗakin taron da za a yi bikin ran Asabar, a gwada. Allah ya rufa min asiri shi bai je ba. Na tarar da kujeru a kife kan tebura, wata mata tana goge ƙasa. Mai sauti dattijo ne mai tabarau. Wayar da ya fara kawowa kanta ya yi wa ramin na'urar girma, sai da ya zazzage jaka ya samo wata, gefe ɗaya siririn kai, ɗaya gefen kai biyu, ja da fari. Ya soka siririn inda ake sa abin kunne, biyun kuma a wani allo mai tarin maɓallai. Lasifika ta yi gurnani, ya ja wani abu ƙasa ta yi shiru.

Sai ga muryar mutumin nan ta cika ɗakin, Auta. Har numfashinsa, har 'yar gyaran muryar da yake yi. Na zauna ban san na zauna ba.

Mai sauti ya ƙara ƙarfi ya tafi can ƙarshen ɗaki, wai ya ji ko tana kaiwa. Aka ce amin, aka yi kwaram, ba kowa kusa da zai kashe. Ashe shuu ɗin nan ba shuu ba ne, magana ce. Marigayi bai kashe ba ya sa a aljihu, ƙaramar na'ura ce ba ta iya fito da ita. Na ji kaina ina cewa likita ya ce wata uku, a kira Injiniya ya dawo. Na ji shi yana cewa a'a, yaron bai daɗe da samun aikin nan mai nisa ba, kada a tayar masa da hankali.

Ke kaɗai kika san sauran. Injiniya ya iso an riga an kai babansa, ya riƙe hannuna ya ce, Inna, kun san da ciwon? Na dube shi na ce farat ɗaya ne. Da ran Asabar ne fa, da ya ji komai yana tsaye gaban surukai da makirfo a hannu.

Na tashi na fizge wayar, lasifika ta yi wata ƙara har mai goge-goge ta yar da bokiti. Na fito na bar na'urar a can. Yanzu ki faɗa min: in ce ta ɓata? In ta ɓata, addu'ar yarinya ta tafi, muryarsa ta tafi. Ki ba direba amsa.

Ki gaida kowa.
Yayarki.

*

Auta, bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Amsarki ba ta iso ba, ga wata wasiƙar. Yau mai kemis ta bakin layi ke rubutawa, don mai ɗinki jiya sai da ta jiƙa takarda biyu da hawaye, kamar ita ta yi ƙaryar.

Da hantsi mai sauti ya zo da kansa ya kawo min na'urar a naɗe cikin hankici. Ya ce in kwantar da hankalina, a sana'arsu kunne na ji baki na kulle. Zai kwafe addu'ar daga farko zuwa amin, ita za a sa a biki, sauran ba mai ji. Har na fara sa masa albarka. Sai ya ce, amma Inna, kin fita ba ki ji ƙarshe ba, kuma da ke ake. Ya ɗora min wani abin kunne ƙato, ya jona, ya koma bakin ƙofa ya juya baya.

Bayan maganar likita ana jin agogunan shagonsa. Sai marigayi ya yi dariya ya ce, in na tafi ki faɗa masa ni na hana, kada ki ɗauka ke kaɗai. Ya ce amma na san ki, sarkin tsoro, ba za ki faɗa ba. Sai na ji wata mata ta ce wallahi zan faɗa. Ni ce, Auta. Na manta na yi wannan rantsuwar, ko kuwa na sa kaina mantawa, ban sani ba.

Na cire abin kunnen. Kullum ina ganin yaron nake tausayi. Da na duba, fuskarsa nake tsoro. Shekara biyu ina jin babansa kowace safiya, shi ko ba shi da komai sai abin da na faɗa masa, kuma ba gaskiya ba ne.

Na ce wa mai sauti ya yanka na biki, ya bar min na'urar yadda take, ya ara min abin kunnen zuwa jibi. Wataƙila Injiniya ya ji ya tashi ya fita. Wataƙila a yi bikin bai dube ni ba.

Ki taho gobe, kada ki jira Asabar, ina so ki zauna kusa da ni. In kin iso kada ki yi wa kowa zancen, ko matarsa, ko amarya, ko ƙannensa. Su ma za su ji, amma a bayansa. Injiniya za a fara faɗa wa.

Yayarki, sarkin tsoro.