An Gyara wa Kaka Ɗaki

Assalamu alaikum, Gwaggo.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma yaye miki ciwon gwiwar nan da kike fakewa da shi kina ƙin zuwa ganinmu. Mu nan alhamdulillahi. Matar Yaya ta sauka lafiya, an samu mace, hancinta irin naki sak, Allah ya ba ta ƙarfin ɗauka. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san allo kaɗai na riƙe, bokon a bakin titi na tsince shi.

Gwaggo, yau ba tsokana ta kawo ni ba, maganar Kaka ce. Kin san shekara shida ke nan da idonta ya rufe, amma ba ta taɓa neman ɗan jagora a ɗakinta ba. Buta na bayan ƙofa, carbi na jikin ƙusa a saitin kanta, rediyo na kan akwati, ga tsagar nan ta bango da take bi da yatsa har bakin ƙofa. To, watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara a asibiti. Kafin ta dawo, Baffa da matarsa suka ce za su faranta mata. Aka toshe tsagar, aka yi fenti, aka cire ƙusoshi, aka kawo sabon gado aka aje shi jikin taga, tsofaffin kayan aka tura su ɗakin ajiya. Duk wanda ya leƙa sai ya sa albarka.

Ranar da aka sallamo ta, ta miƙa hannu ta shafa bango ta ji shi sumul. Ta daɗe a tsaye, sannan ta tambaya a hankali wai gidan wa aka kawo ta. Taku biyu ta yi, ƙwaurinta ya bugi wani sabon tebur da aka saka. Yau kwana goma sha biyu ba ta sauka daga gadon nan sai an ɗaga ta, ƙafafunta har sun fara kumbura.

Kowa da yadda ya ɗauki abin. Baffa ya ce za ta saba, kuma shi kunya yake ji baƙi su tarar da mahaifiyarsa a ɗaki mai tsaga. Matarsa na same ta tana hawaye a kicin, wai ta goge ɗakin har hannunta ya saɓule, ko sannu ba ta samu ba. Likita ya ce tsufa ne. Ban ga laifin kowa ba, Gwaggo, dukansu da ido suke kallon ɗakin.

Ni kuwa na san mazaunin komai, don na yi shekaru ina ɓoye mata takalmi ina juya bakin buta, tana cewa ta fasa aurena za ta nemi miji mai hankali, ina mayar da kayan muna dariya. Na je na durƙusa gaban Baffa na ce a bar ni in mayar da ɗakin yadda yake. Sai tsakar gida ta ɗauki dariya, wai sabon iya-shege na ƙirƙiro don in ɓata fenti. Na rantse, aka ƙara dariya. Ban taɓa jin haushin halina ba sai ranar.

Shi ya sa na zo gare ki. Baffa ƙaninki ne, ba ya tsallake maganarki. Ki kira shi, amma don Allah kada ki yi masa faɗa, da zuciya ɗaya ya yi. Rabin yini ya ishe ni, inda tsagar take kuma igiya zan kafa. Kullum na kai mata shayi sai ta riƙe hannuna ta ce, a matsayina na maigidanta, yaushe zan mayar da ita gida. Ina ce mata gobe. Na sha yi wa tsohuwar nan ƙarya tana dariya, amma wannan ta yarda da ita, har ta ƙulle ɗan kayanta a ɗankwali tana jira.

Ki gaishe min da maigidanki, da Babbar Yaya, da Auta. Inna da matar Yaya suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki,
Sarkin Tsokana