Kura Na Nufa, Wan Matata Na Samu

Malam Nata'ala, don Allah ka taimake ni, kwana tara ke nan ina ɓoye wani laifi da na yi.

Ni manomi ne a Maje, kusa da Suleja. Bayan gidana akwai juji inda wan matata Ɗantala, mahauci, yake zubar da ƙashi da tumbin dabbobi. Warin nan ya jawo mana kuraye. Sun cinye mini awaki shida. Jakina kuwa da ransa suka yage masa ciki, na tarar da shi yana jan hanjinsa a ƙasa, da hannuna na ƙarasa shi. Sau uku ina roƙon Ɗantala ya sake wuri, dariya kawai yake yi.

Ranar Talata da asuba na ɗura bindigar toka na laɓe. Na ga abu ya duƙa a juji, na saki wuta. Ihun mutum na ji. Ɗantala ne, gwiwarsa ta tarwatse. Malam, gudu na yi.

Ya rayu, amma an yanke ƙafar a asibiti. Sai mutane suka ɗora laifin a kan Sabo, wani makiyayi da ya taɓa faɗa da Ɗantala a kasuwa. Samari suka tare shi da sanduna, suka fasa masa kai, suka karya masa hannu, ina tsaye ina kallo. Yanzu suna maganar ƙona rugarsa. Matata Sailuba kullum tana tsine wa wanda ya harbi wanta, tana zuba mini tuwo. Yaya zan yi?

Mai Cizon Yatsa, Maje

Ɗan'uwa, na ji zafin asararka. Ɗantala bai kyauta ba da ya mai da bayan gidanka mahauta, kuma na yarda ba shi ka nufa ba. Harbin kuskure ne. Amma shirunka ganganci ne, kuma shi ya fasa kan Sabo.

Kada ka kwana da wannan amsa. Ka sami dattijo a danginku da liman, ku je gaban dagaci, ka miƙa bindigar, ka faɗi abin da ya faru. Shi zai tsawata wa samarin, ya raka ka wurin 'yan sanda. Sailuba kuwa ta ji daga bakinka kafin ta ji a rijiya. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi yaji, ka jure. Ka nemi gafarar Ɗantala da Sabo, ka ɗauki nauyin jinyarsu gwargwadon ƙarfinka.

Juji kuma, a haɗu a tona rami mai zurfi nesa da gidaje, a riƙa binne ƙazantar, a kewaye garke da ƙaya.

Ba zan ce maka hukuma za ta ƙyale ka ba. Amma idan rugar nan ta kama wuta da mata da yara a ciki, wannan ba kuskure za a kira shi ba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ba marasa lafiya sauƙi.

Nata'ala