Bashir Ya Faɗi a Fadama

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali, ya ƙafar taka?

Ɗanka Bashir ya yanke jiki ya faɗi a fadama. Da munka kai shi asibitin Gummi, malamin asibitin ya ce ba ciwo ba ne. Wai yaro mai tasowa cinsa ya kai na ƙato, tuwon dare kaɗai ba ya riƙe shi. Ga shi bara ruwa ya cinye shinkafarmu, rumbu ya ƙare, kaka kuma da nisa. Ko na ƙara mishi nawa, sai ya tura wa yarana ya ce, "Gwaggo, na ƙoshi." Kullum ramewa yake, ni kuma dabara ta ƙare mini.

A sa mu a addu'a. Gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Luba