Rigar Matsorata

Alhamis, 12 ga Disamba, 2024

Bari in rubuta, tunda ba wanda zai rubuta mini. Ni Barau Sa'idu, daga aji uku na sakandare na fito, ba da son raina ba. Na yi dako a kasuwar Maigatari. Na tura baro, na yi acaɓa, na sayi tsohuwar a-kori-kura na tashe ta da hannuna. Gidana na Gumel ni na ɗora kowane bulo. Ramin da masu aikin titi suka haƙa suka bari a bayan Gagarawa, da kowa ke cewa matattarar sauro, ni na nemi izini na zuba masa tarwaɗa da karfasa. Yau ana zuwa sayen kifi wurina daga Sule Tankarkar. Ba uba, ba ubangida, ba wanda ya ce mini ungo.

Yau kuma na ƙara ɗaya. Na sayo ƙaramin kwalekwalen roba a Maigatari, ruwan ɗorawa, mai cin mutum ɗaya, da abin tuƙi mai baki biyu. Wani Badamagare ne ya zo da shi cikin kayan gwanjo. Manyan kifayen duk sun koma tsakiya inda zurfi yake, ƙugiya daga gaɓa ba ta kai musu.

Badamagaren ya haɗa mini da wata riga ruwan lemo marar hannu, cike da soso. Jile yake ce mata. Wai ko sanyi ko zafi ita ce a sama, kuma kada a shiga ruwa da kaya masu nauyi. Na ce to. Mutumin hamada zai koya mini ruwa.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na shiga da rana tsaka. Kwalekwalen yana rawa kamar ƙwarya, amma na gane kansa. Tarwaɗa biyu manya. Masu lambu suka bar ban ruwa suna kallo.

Laraba, 18 ga Disamba

Aminina Hamma ya zo daga Ɗanzomo ganin abin mamaki. Tun daga bakin zaure yake kira: "Ina bawan nan nawa, Bamange mai warin gishiri?" Na ce shigo, ɗan nagge, amma ka karkaɗe kashin shanu tukun. Haka muke tun muna dako tare. Shi Bafillace, ni Bamange, wasan gado ne, wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Wai shi ma zai shiga ranar Asabar ya nuna mini yadda iyayengiji ke kamun kifi. Na ce Bafillace da ruwa sai dai a ƙwarya.

Sanyi ya sauko sosai. Ruwan alwala kamar reza.

Asabar, 21 ga Disamba

Hamma yana asibiti a Gumel.

Lahadi, 22 ga Disamba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Mun isa ramin rana na fitowa. Hamma ya ɗauki rigar nan ta soso da kansa ya sa a kan 'yar shararsa, yana ɗaure igiyoyin. Sai na kwashe da dariya. Na ce ga sabon ɗan acaɓa, saura lamba a baya. Na ce dama na sani, jikan makiyaya ba ya shiga ruwa sai da rigar matsorata. Na ɗaga murya don masu lambu su ji, suka kuwa ji.

Ya cire. Me zai yi? A wasanmu in aka ce ka ji tsoro, ba ka da amsa sai ka nuna.

Yana tsaye yana kaɗuwa, haƙora na haɗuwa. Sai na tuɓe kwat ɗina, babban nan na ulu mai kaiwa gwiwa, na ɗora masa. Na ba shi dogayen takalman robana. Na ce kada a ce baƙon Barau ya ji sanyi. Ni na sa masa maɓallan har wuya, yana cewa haka ake so, bawa ya shirya ubangidansa.

Alheri na yi. A nan ƙasar in ana sanyi kaya ake ƙarawa, kowa ya san haka.

Ya kai tsakiya. Wani abu babba ya kama ƙugiyar, ya karkata zai ja, kwalekwalen ya kife. Na ga kansa ya fito ya koma. Da ya sake fitowa ya rungumi bayan kwalekwalen, amma kwat ɗin ya sha ruwa yana jan sa ƙasa, takalman sun cika. Bai yi ihu ba. Bakinsa a buɗe, numfashin ya ƙi.

Na shiga har ƙirji na tsaya. Ƙafata ta ƙi gaba. Sanyin ya daki cikina kamar an buga mini taɓarya. Masu lambu ne suka ɗaura igiyar rijiya a gora suka miƙa, a jifa na uku ta shiga hannunsa. Ni dai na ja tare da su.

A gaɓa maɓallan suka ƙi ɓalluwa, ulun ya kumbura. Wani ya zaro wuƙa ya farke kwat ɗin daga wuya har ƙasa. Abin da ba zan gaya wa kowa ba: da wuƙar ta shiga, sai da zuciyata ta ce, kash, kwat ɗina. Leɓen Hamma ya yi shuɗi, ni ina tunanin kwat.

Ba mu da busasshen kaya ko ɗaya a wurin. Da buhunan albasa muka rufe shi har mota.

Talata, 24 ga Disamba

Ruwa ya shiga huhu, sanyi ya kama ƙirji. Zazzaɓi ba ya sauka. An sa masa robar iska a hanci.

Likitan, yarinya ce ƙarama, ta tambayi me yake sanye da shi. Na ce kwat. Ta ce ruwan sanyi yana ƙwace numfashi da ƙarfin hannu tun kafin mutum ya gaji, ko da gwani ne. Wai kaya marasa nauyi ake sawa, irin na leda masu saurin bushewa, rigar iyo a sama a ɗaure tam, busassun kaya kuma a ajiye a gaɓa. Ta ce ba ku da rigar ne? Na ce akwai. Ta kalle ni, ta ci gaba da rubutunta.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ban je kasuwa ba. A masallaci ana ta yi mini sannu, wai na faɗa ruwa na ceto amini. Wani har ya ce samun irina sai an tona. Na ce Allah ne. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Ya farfaɗo. Na shiga da fara'ata na ce ɗan nagge, ka sha ruwan kifina ba ka biya ba.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Na gode da ɗawainiya."

Alhaji. Tunda nake bai taɓa ba. Ko ranar da na dawo daga Makka cewa ya yi an kai bawa ya ga gari. Na zauna na jira zagin, bai zo ba. Ya juya fuska bango, wai barci.

Matarsa Rahamatu ta raka ni bakin ƙofa tana ta godiya. Wai ya gaya mata shi ya cire rigar da kansa, shi ya roƙi aron kwat don ya yi hoto. Ta ce ta yi masa faɗa, tsoho da shi yana abin yara.

Lahadi, 29 ga Disamba

To ai shi ya cire. Hannuna bai taɓa igiyar ba. Ba yaro ba ne. Kuma ni na kai shi asibiti, ni nake tsaye a kan komai.

Litinin, 30 ga Disamba

Matata Lauratu ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina. Matar nan ba ta tsayawa a banza. Ta ce, "Malam, kwat ɗin da ko ɗanka ba ya taɓawa, Hamma ne ya roƙa ka ba shi?" Na ce miyar ba gishiri. Ta ce akwai, bakinka ne.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

An sallame shi. Na kai su Ɗanzomo a motata, shi da Rahamatu. Tun daga Gumel har gida ba wanda ya zagi wani. Ya rame, tari na tsaga shi. Na wuce garken shanu a hanya na rage gudu da gangan, na ce ga danginka. Ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Gara ya mare ni.

Da zan tafi Rahamatu ta miƙo mini leda. Kwat ɗin ne, ta wanke, a farke. Ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba: "Malam Barau, na ga maɓallin wuya a rufe yake. Shi kuwa tun da ƙofar mota ta datse masa babban yatsa bai iya sa maɓalli ba. Ni nake sa masa."

Ta ce in gaida Lauratu.

Juma'a, 3 ga Janairu

Ledar tana bayan mota. Ban shigo da ita ba.

Litinin, 6 ga Janairu

Yara sun tsinto rigar sosan a cikin ciyawa inda ya jefar. Ba abin da ya same ta. Na jefa ta ruwa don in gani, ta yi ta yawo a sama kamar tana mini dariya.

Ina kewar a ce mini bawa. Wannan ma abin a rubuta ne? Mutum kamar ni.

Laraba, 8 ga Janairu

Na je Ɗanzomo. Zauren cike da 'yan dubiya, har da limaminsu. Wani ya fara ba da labarin yadda na yi iyo na ɗauko shi a kafaɗa. Sai na ji bakina yana magana. Na ce ban yi iyo ba, a ƙirji na tsaya. Na ce rigar ni na zolaye shi ya cire, kwat ɗin ni na ɗora masa, ni na rufe maɓallan. Na faɗa da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida.

Ba wani abu ba ne. Ba na son a ba ni abin da ban yi ba, shi ke nan. Duk abin da ake faɗa a kaina da gumina na same shi.

Liman ya ce Allah ya kiyaye gaba. Hamma yana kallon tabarma. Ko Alhajin ma bai ce ba.

Na ce masa Asabar zan shiga ruwa, in yana da ƙarfi a kawo shi.

Asabar, 11 ga Janairu

An kawo shi a bayan babur, a naɗe cikin bargo kamar jariri. Ban zaci zai zo ba.

Na tuɓe babbar riga a gaban kowa. Wando da rigar leda irin na 'yan ƙwallo na sa, na gwanjo, sun ɗame ni, tumbi a waje. Ba takalmi. Na ɗora rigar sosan na ja igiyoyin har sai da na yi nishi. Busassun kaya da bargo da shayi a flas na bari a gaɓa wurin masu lambu, da gorar nan da igiyarta. Sanyi yana cin ƙafata, ina rawa, masu lambu na ƙunshe dariya.

Na tura kwalekwalen. Ban yi nisa ba na ji murya a bayana, a shaƙe, tari na katse ta:

"Kai, ɗan acaɓa! Nawa ne zuwa Maigatari? Ku dube shi, Bamange a rigar matsorata, kamar an ɗaure buhun gishiri!"

Ban juyo ba. Ruwa ne ya fantsar mini a ido. Na ɗaga abin tuƙin na ce rufe mana baki, ɗan nagge, kana korar mini kifi.

Ban kama komai ba. Ba laifina ba ne, surutunsa ne.

Na aika wa Badamagaren ya nemo mini wasu rigunan, ba mai sake taɓa kwalekwalena sai da ita, ko waye. Tawa kuma gobe za ta je wurin mai fenti. Hamma ya ce a rubuta "Bawan Hamma" a baya. Ya rubuta abinsa a ƙasa in yana so, da ƙananan baƙaƙe. Amma a sama, da manya, yadda za a karanta daga gaɓa, a sa BARAU SA'IDU. A duk ƙasar Gumel ni na fara sa ta a gaban jama'a, ba wanda ya sa ni. A rubuta.