Na Duba Maka Otal-Otal Ɗin

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya ƙafar mahaifiyarka? Ka gaishe min da ita. Ni lafiya lau, sai tarin nan da ya ƙi tafiya, amma yaran da nake koyarwa suna mantar da ni shi.

Da na ji za ka zo, murna ta hana ni zama. Shekara tara rabona da ganin ɗan gida! Na share ɗakina, na sayi sabon zanen gado. Sai saƙonka na biyu ya iso, wai a otal za ka sauka, in zaɓa maka tsakanin guda biyu.

Ba komai. Tun kana aji uku na koya maka bincike kafin zaɓi, don haka na je da ƙafata. Na farko yana da lambu da wurin iyo, kuma sun bar ni na zauna a falon baƙi, har da ba ni ruwa. Na biyu hawa ashirin ne, ƙofarsa ta gilashi. Mai gadi ya dubi takalmina ya ce, "Baba, masu kawo kaya ta baya suke bi."

Ka ɗauki na biyun, ɗana. Ka ce kwana biyun nan ba ka son dangi su dame ka da ziyara. Na gwada maka da kaina, ba mai shiga.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kawunka